Idan Numfashin Tsoho Ya Sarƙe: Yadda Likita Ke Gane Wanda Ya Fi Shiga Haɗari

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan domin waɗanda data ba ta bari sun saurari murya ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau maganar tsofaffinmu za mu yi, kakanni da iyayen da suka manyanta, kuma zan karkata ne ga gabashin Sakkwato, wato Wurno da Rabah da Goronyo. A can, idan numfashin tsoho ya sarƙe cikin dare, tambayar farko da iyali ke yi ita ce: a tafi asibiti yanzu, ko a bari gari ya waye? In an isa asibitin garin kuma, wata tambayar na jira: a riƙe shi a nan, ko a wuce da shi Sakkwato? Amsar tambayoyin nan biyu tana rataye ne a kan abu guda, sanin girman haɗarin da mutumin yake ciki. Likitoci suna da hanyoyin ƙiyasta wannan haɗari, kuma abin da nake so ku riƙe daga shirin yau shi ne, da yawa daga alamomin da suke dubawa ba sa buƙatar na'ura. Jika mai agogo a wayarsa zai iya karanta su tun daga ɗakin kakarsa.

Kafin wani ya rubuto min cewa ai ajali na Allah ne, to na riga ka faɗa. Babu likitan da ya san ranar mutuwar kowa, har tasa. Amma manomin fadamar Wurno idan ya ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta canja, zai kwashe shanyarsa, kuma ba wanda zai ce ya yi duba. Alamu ya karanta. Kada kuma mu manta wanda ke kwance a Wurno ɗin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837, cikin littattafan da ya bari akwai na likitanci, har da na ciwon ido da na basir. Ke nan lura da ciwo da neman maganinsa gadonmu ne.

To mene ne gazawar numfashi? Huhu aiki biyu gare shi. Yana shigar da iskar oksijin cikin jini, yana kuma fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama aiki da ita, wadda ake kira kabon. Idan ɗaya daga cikin ayyukan nan ya tsaya cikin 'yan awanni ko 'yan kwanaki, shi ne ake cewa numfashi ya gaza farat ɗaya. Iri na farko, oksijin ne ya yi ƙasa: mutum na haki, yana fafutuka, kowa ya gan shi ya san ba lafiya. Iri na biyu ya fi yaudara. Kabon ne ya taru a jini saboda ƙirji ya gaji da aiki, sai mutum ya fara gyangyaɗi, ya yi shiru. A nan ne iyali kan ce, "Alhamdu lillahi, Baba ya samu barci, a bar shi ya huta." Tsohon da ya kwana yana haki sannan ya koma barcin da ake tashinsa da ƙyar, sau da yawa gajiya ce ta ci ƙarfinsa, kuma a wannan lokacin ya fi kowane lokaci buƙatar asibiti.

Me ke kawo shi? A wajenmu manyan dalilan sanannu ne. Akwai nimoniya, wadda wasu ke kira sanyin haƙarƙari. Akwai zuciyar da hawan jini ya gajiyar shekara da shekaru, har ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu. Akwai huhun da hayaƙi ya cinye a hankali, na taba ga maza, na itacen girki ga iyayenmu mata da suka shekara 40 ko 50 a bakin murhu. Akwai asma, akwai tarin fuka da tabon da yake bari ko bayan an warke. Akwai kuma gudan jini da kan toshe jijiyar huhu, musamman ga wanda ya daɗe a kwance. Hunturu da ƙurarsa su kan zo su tayar da duk waɗannan.

Abin da ya sa lamarin tsoho ya fi wuya shi ne, jikinsa ba ya ihu. Saurayi in nimoniya ta kama shi, jiki zai yi zafi rau, ya yi tari, ya yi ciwon ƙirji. Tsoho kuwa zai iya ɗauke da nimoniya mai tsanani ba tare da zazzaɓi ba. Abin da za ka gani kawai, ya daina cin abinci, ya faɗi a banɗaki, ko ya fara kiran sunan mutanen da suka daɗe da rasuwa. Sai a ce tsufa ne, ko a ce iska ce. Ka tambaye shi kuma ya ce maka, "Ba komi ɗana, hunturu na." Tsofaffinmu da dauriya, ga kuma kunyar ɗora wa 'ya'ya nauyi.

Akwai wani bincike da aka yi a birnin Paris na Faransa, aka wallafa a 2006, wanda ya shafi wannan magana kai tsaye. An bi marasa lafiya 514, dukkansu 'yan shekara 65 zuwa sama, da suka zo sashen gaggawa da gazawar numfashi. Kashi 16 cikin 100 sun rasu a asibiti. Kusan rabinsu ciwon da ya kawo su ya wuce guda ɗaya, misali zuciya da nimoniya a tare. Ga kuma abin da ya fi jan hankalina: waɗanda aka fara yi musu maganin da bai dace da ainihin ciwonsu ba, kashi 25 cikin 100 suka rasu, waɗanda aka dace tun farko kuwa kashi 11. Ku lura, wannan a Paris ne fa, inda akwai hoton ƙirji da gwajin jini a kusa. Yanzu ku auna da tsohon da ya yi kwana 4 ana yi masa allurar zazzaɓin cizon sauro da ƙarin ruwa a gida, alhali ruwa ne ya cika masa huhu. Ƙarin ruwa ga mai irin wannan zuciya ƙara masa nauyi ne.

Yanzu mu zo kan ma'aunan. Wanda ya fi shahara ga nimoniya sunansa CURB-65. An wallafa shi a 2003, bayan nazarin marasa lafiya sama da 1,000 a Birtaniya da New Zealand da Holan. Sunan haruffan farkon wasu kalmomin Turanci ne, kada ya dame ku. Abubuwa 5 yake dubawa, kowanne maki 1.

Na farko, ruɗewa. Shin mutumin ya rikice, sabon rikicewa wanda ba a san shi da shi ba? Bai san inda yake ba, bai gane wane lokaci ake ciki ba, ko ya kasa gane jikansa.

Na biyu, sinadarin yuriya a jini, in ya haura 7 a ma'aunin ɗakin gwaji. Wannan yana nuna ƙoda ta fara jin jiki ko ruwan jiki ya ƙafe.

Na uku, yawan numfashi. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya kai 30 ko ya wuce, maki 1.

Na huɗu, awon jini ya faɗi: na sama ƙasa da 90, ko na ƙasa 60 zuwa ƙasa.

Na biyar, shekara 65 ko fiye.

A wancan nazari, masu maki 0 ko 1, waɗanda suka rasu cikin kwana 30 ba su kai 2 cikin 100 ba. Masu maki 2, wajen 9 cikin 100. Masu maki 3 zuwa sama, wajen 22 cikin 100. Kun ga tazarar. Kuma da yake ba ko'ina ake samun gwajin jini ba, akwai ɗan'uwansa da aka cire masa yuriya, ana kiransa CRB-65. Shi wannan abin da yake buƙata duka-duka ido ne da agogo da abin awon jini, kayan da ƙaramin asibitin ƙauye ma zai iya mallaka.

Wani zai ce, to mu da tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, ina za mu san 65? Akwai dabara. Duk wanda aka haifa kafin samun 'yancin kai a 1960 ya kai. Ga mutanen Rabah ma abin ya fi sauƙi. Ka tambayi kakarka ko tana tuna ranar da labarin kisan Sardauna Ahmadu Bello, ɗan garinsu, ya iso, wato Janairun 1966. In ta ce tana tunawa sarai, lokacin har ana aikenta, to ka sa mata makin nan ba tare da shakka ba.

Bari in kawo misali, na ƙirƙira ne don a gane. A ce mutum biyu sun iso asibiti da safe ɗaya. Inna daga wani ƙauyen Goronyo, shekara 68, tana tari mai ƙarfi, tana nishi, tana faɗa wa kowa inda ke mata ciwo, 'ya'yanta 6 sun cika ƙofa. An ƙirga numfashinta 24, awon jini 150 bisa 90, hankalinta garau. Makinta 1, na shekaru. Bayanta da rabin awa aka kawo Baba daga wajen Rabah, ya haura 70, jikansa ɗaya ne ya riƙo shi. Ba ya tari sosai, jikinsa ba zafi, shiru yake. Amma tun asuba yake tambayar ko an yi magariba, numfashinsa 34, awon jini 85 bisa 55. Makinsa 4 cikin 4. Ma'aikaciyar jinya ta bar Inna ta ruga wajen Baba, sai 'ya'yan Inna suka hau faɗa: mu muka riga zuwa, ko don ba mu san kowa ba ne? Jama'a, sashen gaggawa ba layin gidan mai ba ne. Wanda ya fi kusa da halaka shi ake fara kamawa. Mai ƙarfin yin ƙorafi da dogon zance, aƙalla iska na shiga tana fita.

Sai na'urar nan 'yar ƙarama da ake maƙalawa a yatsa, oksimita, wadda da yawanmu muka sani lokacin korona. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Tana nuna kashi nawa na jini ke ɗauke da oksijin. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Ƙasa da 90 gaggawa ce, ko da mutumin yana cewa lafiyarsa ƙalau. Sai dai tana da sharuɗɗa. Yatsa mai sanyi, kamar na tsoho da safiyar hunturu, kan sa ta ba da lambar ƙarya ko ta ƙi karantawa, don haka a murza hannun ya yi ɗumi tukuna. Jan farce da baƙin lalle su ma suna rikita ta. Sannan akwai abin da ya shafe mu musamman. Wani bincike na Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna na'urar ta fi yin kuskure a kan baƙar fata: ta nuna lamba mai kyau alhali oksijin na jini ya yi ƙasa. Hakan ya faru ga kusan 12 cikin 100 na awon baƙaƙen fata, fararen fata kuwa bai kai 4 cikin 100 ba. Saboda haka in na'ura ta ce 93 amma tsoho na numfashi 32 kuma ba ya iya ƙarasa jimla, ka yarda da idonka.

CURB-65 na nimoniya ne kawai. Ga kowane irin ciwo akwai wani ma'aunin da Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar a 2012, ta sabunta shi a 2017, sunansa NEWS2. Yana haɗa numfashi, oksijin, ko an sa wa mutum iskar ko ba a sa ba, zafin jiki, awon jini, bugun zuciya da hankali. Maki 5 na nufin a kira likita da sauri, 7 zuwa sama kuwa a tashi tsaye. Amfaninsa babba shi ne ana maimaita shi. Tsohon da ya zo da 6, bayan awa 2 da sa masa oksijin da magani ya koma 3, yana kan hanya mai kyau. Wanda ya zo da 4 ya koma 7, ko yana murmushi, lamarinsa na lalacewa. Inda lambar ta dosa ya fi lambar farko ba da labari.

Za ku ce duk waɗannan a Turai aka ƙera su. Gaskiya ne, kuma masana a nahiyarmu sun lura da haka. A 2017 an fitar da wani ma'auni mai suna UVA daga bayanan marasa lafiya sama da 5,000 a ƙasashen Afirka 6, ciki har da Uganda da Malawi da Tanzaniya da Saliyo. Ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Wani abu da ke cikinsa da nake so ku riƙe: sanyin jiki, wato zafin jiki ƙasa da 36, alamar haɗari ce. Mu kuwa mun saba in jiki ya yi sanyi mu ce zazzaɓi ya sauka. Ga tsoho mai haki, jiki ya yi sanyi ƙalau da gumi ba albishir ba ne.

Akwai kuma abin da lambar shekaru ba ta faɗa. Ku ɗauki mutum biyu 'yan shekara 75. Ɗaya har yanzu yana zuwa gonar albasarsa, yana tafiya masallaci sau biyar da ƙafarsa. Ɗayan shekara 2 ke nan sai an ɗaga shi, an yi masa wanka, an ba shi abinci a baki. Ciwo iri ɗaya ba zai yi musu kamu iri ɗaya ba. Wani likita a Kanada, Kenneth Rockwood, da abokan aikinsa sun fitar da ma'aunin raunin tsufa a 2005, wanda yanzu yake da matakai 9, daga mai ƙarfi sosai zuwa wanda ke ƙarshen rayuwa. Ba a auna shi da na'ura. Tambaya ake yi: mako 2 kafin wannan ciwo, yaya yake? Yana fita kasuwa? Yana alwala da kansa? Yana hawa mashin? Wannan amsa ba ta wurin likita, tana wurinku. Shi ya sa yake da muhimmanci wanda zai raka tsoho asibiti ya zama wanda ke zaune da shi, ko da jika ce 'yar shekara 17. Babban ɗa da ya taso daga Abuja jiya yana da kuɗin magani, amma bai san yaushe Baba ya daina cin tuwo ba.

Yanzu ga gargaɗi, kuma ina so a ji shi da kyau. Waɗannan lambobi labarin taro suke bayarwa. In an ce 22 cikin 100, ma'anarsa cikin mutum 100 masu irin wannan hali, 78 sun tashi sun koma gida. Ba wanda ya san a wane ɓangare naka tsohon yake. Don haka maki mai yawa dalili ne na ƙara himma: a sa oksijin da wuri, a fara maganin da wuri, a sa ido a kansa, a yi shawarar tura shi gaba tun yana da ƙarfin jure hanya. Duk wanda ya ji likita ya ce "jikin nan ya yi tsanani" sai ya naɗe tabarma ya ce a koma gida a jira lokaci, bai fahimci maganar ba. Ka tambaya tukuna: me za a iya yi a nan, me ba za a iya ba?

Amma kuma akwai ɗaya gefen, kuma ba zan ɓoye shi ba. Akwai tsohon da ya riga ya yi rauni matuƙa, ya daɗe a kwance, ciwo ya ci jikinsa. Irin wannan, na'urar taimakon numfashi da ɗakin kulawa ta musamman, wanda mutane ke wa laƙabi da gobe da nisa, ba lallai su ƙara masa komai ba sai wahala. A nan likita na gari zai zaunar da iyali ya faɗa musu gaskiya, a duba abin da shi tsohon da kansa zai so, a kuma ci gaba da sauƙaƙa masa numfashi da raɗaɗi. Wannan shawara ce da ake yankewa tare da likita bayan an duba mutum. Ba a yanke ta a zaure saboda ana jin nauyin kuɗin mota.

Mu dawo kan hanya, domin a gabashin Sakkwato hanya na cikin lissafi. Manyan asibitocin da ake tura mai tsananin ciwo suna cikin birnin Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru. Daga ƙauyukan bakin gulbin Rima, kafin a samu mota, a haɗa kuɗi, a fito titi, awanni sun tafi. Da damina wasu hanyoyin ruwa ke cinye su. Ga matsalar tsaro da ta sa tafiyar dare ta zama abin tsoro a yankin, wanda duk ɗan Goronyo da Rabah ya sani ba sai an faɗa masa ba. Ita kanta iskar oksijin ba ko'ina take ba. Wani babban rahoto da mujallar likitanci ta Lancet ta fitar a 2025 ya nuna a ƙasashe masu tasowa, cikin masu buƙatar oksijin na gaggawa, waɗanda ke samu ba su kai 1 cikin 3 ba. Injin da ke tace oksijin daga iska sai da wuta, silinda kuma tana ƙarewa.

Me wannan ke nufi gare mu? Yana nufin shawarar da ɗan birni zai iya yankewa ƙarfe 2 na dare, mu dole mu yanke ta tun la'asar. In ka ga alamun sun fara da rana, kada ka ce bari mu ga yadda zai kwana. Kwanan nan shi ne abin da ba mu da tabbacinsa.

To ga abin da za ka yi, kai jika, ke jika. Ka zauna kusa da shi, ka sa agogon waya, ka ƙirga ɗagawar ƙirjinsa minti ɗaya cur. Kada ka gaya masa kana ƙirgawa, don in ya sani numfashin zai canja. Ka yi masa tambaya mai sauƙi: Baba, yau wace rana? Wace salla aka yi yanzu? Ka saurara ko yana iya ƙarasa magana ba tare da ya tsaya jan iska ba. Ka duba cikin leɓensa da harshensa, domin a fatarmu a nan ake ganin canjin launi, in sun yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Ka duba ko jijiyoyin wuyansa na ɗagawa da kowane numfashi, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ya kasa kwanciya sai a zaune. Numfashi 30, ko sabon ruɗewa, ko kasa ƙarasa jimla, ko barcin da ba a iya tashinsa sosai: ko guda ɗaya ka gani, a tafi yanzu. In numfashin ya wuce 24 ma kuma yana ƙaruwa, kada a bari rana ta faɗi.

Kafin a tafi da kuma a hanya, a bar shi a zaune, a jingina shi, kada a shimfiɗe shi a bayan mota. A buɗe taga, mutane su rage cunkoso a kansa. Kada a yi masa turare ko hayaƙi, huhun da ke neman iska ba ya buƙatar ƙari. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko jiƙo in yana gyangyaɗi, zai iya wucewa huhu. Kada a ba shi maganin barci ko maganin tari mai sa maye, suna rage ƙarfin numfashi. In yana da abin shaƙa na asma da likita ya ba shi, a taimaka masa ya shaƙa. In akwai mota, ta fi kabu-kabu. A kwashe duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har na kemis da na gargajiya, da katin asibiti in akwai, a tafi da su.

In kun isa, ka taƙaita wa ma'aikaci labari cikin tsari: yaushe ya fara, me aka ba shi, wane ciwo yake da shi dama, yaya yake mako 2 da suka wuce, kuma nawa ka ƙirga numfashinsa a gida da ƙarfe nawa. Wallahi wannan lamba ɗaya da ka zo da ita tana da daraja, don ita za ta nuna ko yana gaba ko yana baya. Sannan ka tambaya cikin ladabi: likita, nawa oksijin ɗinsa? Kuna ganin huhu ne ko zuciya? Akwai oksijin da zai kai safe? In za a tura mu Sakkwato, za a haɗa mu da silinda a mota? Wannan ta ƙarshe kada ka manta da ita, domin cire wa mutum oksijin a sa shi a doguwar hanya haɗari ne babba. Kuma in an saita masa iskar, kada wani ya je ya murɗa don a ƙara. Masu tsohon ciwon huhu na hayaƙi, da gangan ake riƙe nasu tsakanin 88 da 92, saboda in ya yi yawa kabon na iya taruwa ya sumar da su.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan lafiya da ɗaliban makarantun jinya da ke bibiyar shirin nan, roƙona ɗaya ne: a ƙirga numfashi da gaske. Cikin duk alamomin nan shi ne mafi arha, kuma shi aka fi rubutawa da ka. A tsaya minti ɗaya a ƙirga, a rubuta, a sake bayan awa ɗaya. Ƙungiyoyin matasa na gari kuma, ku da kuke haɗa kuɗin gasar ƙwallo da walimar salla, oksimita ɗaya da abin awon jini ɗaya a ƙaramin asibitin unguwarku ba su fi ƙarfinku ba. Ku je ku tambayi mai kula da wurin abin da ya rasa.

Aikin gida na wannan mako: yau da dare, in tsohon gidanku na zaune lafiya, ka ƙirga numfashinsa, ka rubuta a waya tare da sunayen magungunansa. Ranar da ciwo ya zo, ka san daga inda aka tashi. Ku kuma tura wa 'yan'uwa wannan rubutu, musamman waɗanda ke zaune da kakanni a ƙauye, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya ja kwanan iyayenmu cikin ƙoshin lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Ya jiƙansu da rahama. Ya kuma kawo mana zaman lafiya a Wurno da Rabah da Goronyo da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.